DARASIN UWARGIDA: WAIFAI YA CIKA, AMMA INTANET YA ƘI ZUWA

  

Darasinmu na yau a kan wani ɗan akwati ne da ya shigo gidajenmu ya samu wurin zama kusa da talabijin, wato rauta, na'urar nan da ke rarraba intanet ga wayoyin gida. Mu da muka ga shigowar wayar salula ƙasar nan a shekarar 2001, lokacin da sai an hau tudu ake neman sabis, yau ga mu da akwati a ɗaki, yara na karatu da shi, uwargida na tallar atamfa da turaren wuta a WhatsApp, ana gaisawa da 'yan'uwa na nesa ido da ido. A Kalgo, tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013 ɗalibai da malamai suka yawaita, wannan akwati ya zama kayan gida. A Gwandu ma haka abin yake tafiya. To amma ranar da ya ƙi aiki, mu da ke gida da rana mu ne ke zaune da shi, kuma galibi abin da muke yi shi ne jiran maigida ya dawo ya nemo mai gyara. Nufina yau ki san abin da za ki duba da hannunki kafin a kashe ko sisi.

Bari in fara da abin da ya sa na zaɓi wannan darasi. A watan Satumbar 2024 wata ƙanwata da ke aure a Kalgo ta kira ni da la'asar, murya a sama.

"Yaya, wanga akwati ya mutu. Ɗiyata na da rajistar makaranta da za a rufe jibi, tun jiya muke fama."

Na ce, "Mi ya same shi? Ba ya kawo wuta?"

"Yana kawowa. Waifai ma ya cika tam a wayar kowa, amma ko hoto ɗaya ba ya buɗewa. Babansu ya ce yara suka lalata shi, gobe zai shiga Birnin Kebbi ya sayo sabo."

Na ce ta roƙe shi ya dakata da sayen sabo. Abin da muka gano zan faɗa miki a gaba. Amma lafiyar akwatin ƙalau, kuma da an sayo sabon an zura masa sim ɗin nan, da shi ma haka zai yi.

ƘOFA BIYU GARE TA

Ki ɗauki rauta kamar zauren gida. Zaure ƙofa biyu gare shi: ɗaya tana kallon cikin gida, ɗaya tana kallon titi. Ƙofar cikin gida ita ce waifai, ta nan wayarki da ta yara da kwamfuta ke shiga. Ƙofar titi ita ce wadda ke haɗa rauta da kamfanin da kike biya kuɗin data, ko ta sim, ko ta kebul. A jikin na'urar da cikin shafinta, ɓangaren cikin gida ana rubuta masa LAN, ɓangaren titi kuma WAN. Ki riƙe waɗannan kalmomi biyu.

Alamar waifai da kike gani a saman wayarki, mai kama da mafici, labarin ƙofar cikin gida kawai take ba ki. Cikarta na nufin kina kusa da zaure kuma an buɗe miki. Ba ta san komai game da ƙofar titi ba. Kin ga ke nan mutum na iya shiga zaure ya zauna daram, alhali ƙofar waje a garƙame take. Wannan shi ne abin da ke rikita mafi yawanmu.

MENE NE WANNAN ADIRESHI?

Duk na'urar da za ta yi magana a intanet sai ta samu adireshi, kamar yadda wasiƙa ba ta isa gidan da ba shi da kwatance. Adireshin da aka fi amfani da shi lambobi ne kashi huɗu, da ɗigo a tsakaninsu, kowane kashi daga 0 zuwa 255, misali 192.168.0.100. Shi ne ake kira adireshin IP.

Rauta tana mu'amala da adireshi iri biyu. Na cikin gida ita ke rabawa da kanta: duk wayar da ta shigo sai ta ba ta lamba, galibi mai farawa da 192.168. Wannan ba ta neman izinin kowa, ko babu sim a cikinta za ta raba. Amma adireshin ƙofar titi ba nata ba ne, roƙa take yi. Duk sanda aka kunna ta sai ta yi sallama ga kamfani ta ce a ba ta adireshi, kamfani kuma ya ara mata ɗaya. Aro ne, shi ya sa yau za ki ga wata lamba, gobe wata. Dalili kuwa, irin waɗannan adireshi a duniya kaf ba su wuce kusan biliyan 4.3 ba, kuma babbar ma'ajiyar da ake rabo daga cikinta ta ƙare tun Fabrairun 2011. Don haka kamfanoni ke juya abin da ke hannunsu, har su haɗa gidaje da yawa a bayan adireshi guda.

In rautarki mai sim ce, kafin kamfani ya ba ta adireshi sai ya duba abu uku: layin nan yana raye? An yarje masa ya yi data? Ta ƙofar da ta dace ya biyo? In ɗaya ya faɗi, ba adireshi. Rauta kuwa za ta ci gaba da raba waifai a cikin gida kamar uwargidan da ta jera kwanuka alhali cefane bai iso ba.

YADDA ZA KI GANE ƘOFAR DA TA RUFE

Kowace rauta tana da shafi nata na kanta, kuma shigarsa ba ya cin data, ba ya ma bukatar intanet. Ki juya akwatin. A ƙasansa ko bayansa, ko ƙarƙashin batir in ƙaramar nan ce ta aljihu da ake kira MiFi, akwai takarda a manne. A kanta za ki ga sunan waifai, da kalmar sirrinsa, da wata lamba irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, da kuma suna da kalmar sirrin shiga shafin, waɗanda sau da yawa "admin" ne.

Ki haɗa wayarki da waifai ɗin, ki kashe datar wayar don kada ta ruɗe ki. Ki buɗe Chrome ko makamancinsa, ki rubuta lambar nan a can sama inda ake rubuta sunan shafi. In ya buɗe, ki sa suna da kalmar sirri, ki nemi wurin da aka rubuta Status ko Device Information. A nan akwai layin da ke cewa WAN IP ko IP Address. Abin da za ki tarar ɗaya ne cikin huɗu.

Na ɗaya: wayarki ba ta ma ga sunan waifai ba. Wannan maganar wuta ce ko ita kanta na'urar.

Na biyu: wayar ta ga sunan, amma ta tsaya tana ta cewa tana neman adireshi, ko kwamfuta ta ba kanta lamba mai farawa da 169.254. Wannan lamba alama ce ta cewa rauta ba ta ba ta komai ba, ita ta ƙirƙira wa kanta. Matsalar ƙofar cikin gida ce. Sau da yawa mutane ne suka yi yawa a kai, domin wasu ƙananan na'urorin wayoyi goma kawai suke ɗauka, ga shi kalmar sirrinki ta zaga unguwa.

Na uku: kin shiga shafin lafiya, amma gaban WAN IP babu komai, ko an rubuta 0.0.0.0, ko kalmar Disconnected, ko Connecting da ba ta ƙarewa. To 'yar'uwa, kamfani ne bai ba rautarki adireshi ba. A nan darasinmu ya fi nauyi.

Na huɗu: akwai lamba a wurin, amma shafuka ba sa buɗewa. Galibi data ce ta ƙare, ko wa'adinta ya cika, ko an sayi irin ta WhatsApp da Facebook kaɗai. Kada ki damu in kin ga lambar ta fara da 10 ko da 100, haka kamfanonin waya suka saba bayarwa.

MATAKAN DA ZA KI BI, ƊAYA BAYAN ƊAYA

Ki bi su a jere, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Kuma ki riƙa canja abu ɗaya a lokaci guda, domin in kin taɓa abu biyar tare, ko ta gyaru ba za ki san wanne ya yi magani ba.

Mataki na 1: Wuta da adafta. Wata maƙwabciyar mahaifiyata a Gwandu, mai sayar da kayan ɗaki ta waya, ta yi kwana huɗu ba ciniki. Fitilun rautarta suna kamawa, sai ta ɗan yi kamar za ta haɗu, sai ta mutu ta sake tashi. Ashe adaftarta ce ta ƙone, yaron gidan ya ɗauko ta wata fitilar caji da bakinta ya yi daidai ya soka. Baki ya shiga, amma ƙarfin bai kai ba. Kama sabis ya fi kunna fitila cin wuta, shi ya sa na'urar ke faɗuwa daidai lokacin da take neman adireshi. Ki karanta jikin akwatin: manyan rautoci da yawa 12V suke sha, wasu da 1A wasu fiye. Ki tabbata abin da ke jikin adafta ya yi daidai a lambar V, kuma bai gaza ba a lambar A. Haka kuma in wutar nepa ta zo ba ƙarfi, ko janareto na tangal-tangal, ki gwada ta a sola ko inbata in akwai.

Mataki na 2: Kashewa da kunnawa, amma da haƙuri. Ki zare ta daga wuta gaba ɗaya, in mai batir ce ki kashe ta sosai. Ki ba ta minti biyu. Ki kunna, ki ƙara ba ta minti uku ba tare da kin taɓa komai ba. Abin da kika yi shi ne kin sa ta sake yin sallama daga farko ta roƙi sabon adireshi. Wannan kaɗai yana warware matsaloli masu yawa. Kuskurenmu shi ne gaggawa: a kashe a kunna nan take, sau biyar a jere, ba a bar ta ta gama gaisuwa ba.

Mataki na 3: Sim. Wannan shi ne babban gwaji, kuma a nan aka kama ɓarawon a gidan ƙanwata. Ki kashe rauta tukuna, ki zare sim ɗin a hankali. Ki goge gefen zinaren da busasshen ƙyalle mai laushi, domin ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Ki lura da kusurwar da aka yanke, akwai zanenta kusa da ramin da ke nuna yadda ake sa shi. In ƙaramin sim ne da aka ɗora a kan firam, ki duba ko ya goce.

Kafin ki mayar, ki sa shi a wayarki. Ki jira. Ya kama sabis? Ki kunna data, shafi ya buɗe? In sim ya yi aiki a waya, laifin na rauta ne ko saitinta. In a waya ma ya ƙi, to ki wanke akwatin daga zargi.

Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta daidaita gajerun lambobi a duk kamfanoni, ba sai kin haddace na kowa daban ba: *310# don ganin kuɗin da ke layi, *323# don ganin sauran data, *312# don sayen data, *996# don abin da ya shafi rajistar layi da lambar NIN, sai 300 don kiran masu kula da abokan hulɗa.

Sannan ki karanta saƙonni. Mukan manta cewa sim ɗin rauta layi ne kamar kowane layi, kamfani na turo masa saƙo, amma ba mai karantawa domin yana kulle a cikin akwati. Ana iya ganin su a shafin rauta a wurin da aka rubuta SMS. Da ƙanwata ta sa nata a waya, sai ga saƙonni na shigowa rututu, na wata da watanni, duk gargaɗi ne a kan a haɗa layin da NIN. Tun Disambar 2020 gwamnati ta ba da umurnin haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, aka yi ta ɗaga wa'adi, har aka sa 14 ga Satumba, 2024 a matsayin na ƙarshe. Kowa a gidan ya gyara layin wayarsa, ba wanda ya tuna da na cikin akwati. Ƙanen maigidanta ne ya sayo shi shekarun baya da sunansa, shi kuwa ya manta ma yana da wannan layi. An rufe layin, kamfani ya daina ba shi adireshi, waifai kuwa na nan cike.

A daren muka sa nata sim ɗin, na kamfani ɗaya da na akwatin, ta sayi data, yarinya ta kammala rajistarta. Bayan kwana biyu ƙanen mijin ya je ofishin kamfanin a Birnin Kebbi da takardar NIN ɗinsa aka buɗe layin. Kuɗin sabuwar rauta ya tafi cefane.

Abu biyu kuma game da sim. In an sa masa lambar PIN, rauta ba za ta iya amfani da shi ba sai an shigar da lambar a shafinta, ko a cire kullen daga waya. Kada ki yi ta cinke: kuskure uku zai kulle shi sai da PUK, kuskure goma a PUK kuma sim ya mutu ke nan. Na biyu, layin da aka ajiye wata da watanni ba a sa masa kuɗi ba, kamfani na iya rufe shi. Mai tafiya haihuwa gida ko doguwar ziyara ta tuna da wannan.

Mataki na 4: Wurin da kika ajiye ta. Alamar sabis a jikin rauta daban take da alamar waifai. Ita ce mai sanduna kamar ta waya, kuma ita ke nuna ƙarfin abin da ke zuwa daga ƙarfen sabis na gari. In sanda ɗaya ce, ko fitilar ta yi ja, na'urar na iya jin kamfani sama-sama amma maganarsu ba ta ƙulluwa. Katangar siminti mai kauri, da rufin kwano, da firji, da kabad na ƙarfe duk suna tare sabis. Ki ɗauke ta daga bayan talabijin, ki kai ta kusa da taga, a ɗan sama, ɓangaren da ke kallon ƙarfen sabis. Ki gwada taga biyu ko uku, kowace ki ba ta minti biyu. Amma kada rana ta riƙa dukanta. Zafin bazara a Kebbi yana haura digiri 40, na'urar da ta yi zafi kuwa takan riƙa yankewa. Kada ki lulluɓe ta da ƙyallen ado don gudun ƙura, ramukan jikinta na shan iska ne.

A cikin shafin kuma akwai wurin zaɓen nau'in sabis, Network Mode. In wani ya kafe ta a kan 4G kaɗai ko 5G kaɗai, alhali a unguwarku wannan bai da ƙarfi, za ta zauna tana jiran abin da ba zai zo ba. Ki mayar da shi Auto, ta zaɓi wanda ta samu.

Mataki na 5: Sunan ƙofa, wato APN. Kowane kamfani yana da sunan ƙofar da layukansa ke bi su karɓi adireshi. Yawancin rautoci suna gane shi da kansu. Amma in an sayo na'urar ta hannu, ko daga waje aka kawo ta, ko an canja mata sim daga wani kamfani zuwa wani, tana iya riƙe tsohon suna, ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba tata ba. Alamarsa ita ce sabis ya cika, sim na aiki a waya, amma WAN IP babu komai. Ki nemi APN ko Profile a cikin saiti. Wanda aka saba da shi na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, na Airtel internet.ng.airtel.com, na Glo kuma gloflat. Ki rubuta da ƙananan baƙaƙe, ba tazara, ko ɗigo ɗaya kada ya ɓace. In tsarinki na musamman ne, ki kira 300 su faɗa miki nasa. Kafin ki goge abin da kika tarar, ki ɗauki hotonsa da waya.

Mataki na 6: Ko a kulle take? Rautar da kamfani ya sayar da tambarinsa a jiki galibi sim ɗinsa kaɗai take karɓa. In kin sa na wani, za ta ce Invalid SIM ko SIM Lock. Ba lalacewa ba ce, haka aka yi ta.

Mataki na 7: Mayar da ita yadda ta fito daga kwali. Akwai ɗan rami da aka rubuta Reset. Ana soka tsinke a danne kamar daƙiƙa goma tana kunne. Na sa shi a ƙarshe da gangan, domin yana share komai: sunan waifai da kika sa, da kalmar sirri, da APN, da duk abin da mai haɗawa ya saita. In takardar ƙasan akwatin ta goge, ko ba ki da hoton saitin, kada ki taɓa shi.

IN TAKI MAI KEBUL CE

Wasu gidajen, musamman na ma'aikata da masu shagon kwamfuta, intanet ɗinsu daga faranti ko eriya a saman rufi yake saukowa ta kebul, kamar na kamfanonin da ke harbo shi ta iska ko Starlink da ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, sannan a ƙara wata rauta a ciki. Ga abin dubawa.

Kebul ɗin da ya fito daga waje dole ya shiga kafar da aka rubuta WAN ko Internet, wadda galibi launinta ya bambanta da sauran. Sau nawa ake zare shi wajen shara a mayar da shi kafar LAN! Ki tura shi sai kin ji ya ce ƙas, ki ga 'yar fitilar kafar ta kama. Ki bi jikinsa ki duba ko ɓera ya ci, ko ƙofa ta datse shi.

Wajen kunnawa akwai tsari: ki kashe duka, ki fara kunna akwatin kamfani, ya gama tashi, sannan rautarki. Wasu akwatunan kamfani suna riƙe shaidar na'urar farko da aka haɗa musu, in an kawo sabuwa sai su ƙi ba ta adireshi har sai an kashe su na ɗan lokaci, ko kamfani ya sabunta rajistar daga wurinsa.

A saitin WAN kuma akwai zaɓi: DHCP ko Dynamic IP, wato a ba ki adireshi kai tsaye, da PPPoE mai bukatar suna da kalmar sirri daga kamfani, da Static IP wanda ake rubuta lambar da hannu. Kamfani ne ke faɗin wanda yake amfani da shi, ba a cinkensa. Sannan in akwatin kamfani da rautarki duk suna amfani da jerin lamba iri ɗaya, misali dukansu 192.168.1.1, sai su rikice kamar gida biyu masu lamba ɗaya a layi guda. Maganinsa a canja ta cikin gida zuwa wani jeri, kamar 192.168.5.1.

WANI LOKACI BA DAGA GIDANKI BA NE

Kafin ki wahalar da kanki, ki aika yaro maƙwabta ya tambayo masu layi irin naki. In su ma shiru, to matsalar ta gari ce. Ƙarafan sabis da yawa da janareto da batir suke aiki, in man ya yanke sai su yi shiru. Masu aikin hanya kan tsinke kebul ɗin da aka binne a gefen titi. Wani lokacin ma daga nesa abin yake: ranar 14 ga Maris, 2024, manyan kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma wajen Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta, har bankuna suka ji a jikinsu. A irin wannan rana, duk wadda ta soka tsinke a ramin Reset ta ƙara wa kanta aiki ne kawai.

IN ZA KI KIRA KAMFANI

Ki tanadi lambar layin da ke cikin rauta, da sunan wanda ya yi rajistarsa. Kada ki ce musu kawai "ba ya yi". Ki ce: "Sabis sanda uku ne, na sa sim a waya ya yi aiki, akwai data, amma a rauta WAN IP babu komai." Mai amsawa zai san da wadda ta san abin da take faɗa yake magana, zancen ya gajarta. Ki nemi lambar ƙorafinki ki rubuta. In an yi kwanaki ba a share miki hawaye ba, NCC na da layin kyauta na karɓar koken jama'a, 622, kuma za su tambaye ki wannan lamba.

Sai gargaɗi. In wani ya kira ki ya ce daga kamfani yake, zai buɗe miki layi, ki karanto masa lambar da aka turo miki ta saƙo, ko BVN, ko lambar katin banki, ki kashe wayarki. Gyaran rajista a ofishin kamfani ko wurin wakilinsa ake yi. In kuma ta kama sai an kawo mai gyara, ki sa a tambaye shi abin da ya canja a rubuta, bayan ya tafi a sauya kalmar sirrin shiga shafin. Da damina kuma, in hadari ya taso da tsawa, ki zare rauta daga wuta, ki zare kebul ɗin da ya sauko daga rufi.

AIKIN GIDA

Rigakafi ya fi magani. Yau ɗin nan, tun tana aiki lafiya, ki yi abu huɗu. Ki ɗauki hoton takardar ƙasan akwatin. Ki shiga shafin ki ga yadda WAN IP da APN suke a ranar lafiya, ki ɗauki hotonsu, don ki gane su a ranar ciwo. Ki rubuta lambar sim ɗin da sunan mai rajistarsa a littafin da kike ajiye lissafin adashi. Sannan ki ɗaura wa adaftarta ɗan zare mai launi, ki gaya wa yara wannan ba ta caji ba ce. Ki kuma sa wa kanki al'adar leƙa saƙonnin layin duk farkon wata.

Wadda ta gwada ta ci karo da abin da ban ambata ba, ta rubuto wa wannan fili, ta faɗi irin rautarta da launin fitilun da take gani, za mu duba tare in sha Allahu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. A gaida yara.